Ɗori da Tausa a Tarihin Likitancin Ingila, 1736-1944: Abin Lura ga Ƙasar Hausa

1.0 Gabatarwa

Da wuya a sami wanda ya tashi a ƙasar Hausa bai san gidan maɗori ba. Yaro ya faɗo daga kan mangwaro, ko jaki ya ka da mutum, ko babur ya kwashe shi, kafin a ambaci asibiti an riga an ambaci sunan mai ɗori na unguwa. Haka nan kowa ya san tausar da ungozoma ke yi wa maijego da jinjiri, da wadda ake yi wa tsoho mai ciwon baya. Waɗannan duka hanyoyi ne na jinya da babban makaminsu shi ne tafin hannu, ba wuƙa ko ƙwaya ba.

Sau da yawa idan ana maganar maɗori da likita a tsakanin 'yan boko, akan ɗauka cewa shi maɗori abin ƙasashenmu ne kawai, likitan ƙashi kuwa tun fil azal da shi Turawa suka tashi. Manufar wannan takarda ita ce ta nuna ba haka abin yake ba. Ingila ta yi maɗora na gado, ta yi rikici da su fiye da shekara ɗari, kuma ilmin gyaran ƙashi da gaɓoɓi da ake koyarwa yau a jami'o'inmu yana da jijiya a gidajensu. Za mu bi yadda sana'ar hannu ta shiga asibiti a can, da ƙofofin da ta bi, da wadda aka rufe mata, sa'an nan mu duba abin da wannan tarihi zai amfana mana.

2.0 Daɗewar Sana'ar

Ɗori ya girmi asibiti nesa ba kusa ba. Littattafan da ake dangantawa ga Abuƙarata, watau Hippocrates na Yunanawa, sun yi bayanin yadda ake mayar da kafaɗar da ta goce, kuma sun ambaci murza jiki cikin abubuwan da ya kamata likita ya iya. A Andalus, Abul Ƙasim al-Zahrawi, wanda ya rasu wajen 1013, ya keɓe kashi na uku na maƙalar fiɗa ta littafinsa at-Tasrif ga ɗori. Larabawa suna kiran wannan aiki jabru, kuma daga wannan kalma mutanen Sifen suka sami algebrista, sunan da suka daɗe suna kiran maɗori da shi.

Amma a Ingila sana'ar ta rabu da masu littafi. Likitan jami'a yana ganin taɓa jikin majinyaci da ƙarfin damtse bai dace da darajarsa ba. Saboda haka ɗori ya zauna a hannun manoma da maƙera da makiyaya, waɗanda suka saba da karayar dabbobi, uba yana koya wa ɗansa, ana kuma ɓoye sirrin ga bare. Wannan siffa ba baƙuwa ba ce ga Bahaushe.

Wadda ta fi shahara cikinsu a ƙarni na 18 mace ce, Sarah Mapp, 'yar wani maɗori daga Wiltshire. Ta zauna a garin Epsom, kuma a 1736 sunanta ya cika Landan, inda takan zo cikin keken dawaki ta duba marasa lafiya a wani gidan shan gahawa. Har manyan gari sun kai mata danginsu. Duk da haka ta mutu a 1737 cikin talauci, ba ta bar littafi ko makaranta ba. Abin da hannunta ya sani ya bi ta kabari. Wannan shi ne darasi na farko: suna, komai girmansa, ba ya adana ilmi.

3.0 Dokar 1858

A 1858 Majalisar Dokokin Birtaniya ta yi dokar da ta kafa Majalisar Likitoci da kuma rajistar waɗanda hukuma ta yarda da su. Ya kamata a lura da cewa dokar ba ta haramta ɗori ba. Abin da ta hana shi ne mutum ya yi da'awar yana cikin rajista alhali ba ya ciki. Sai dai ta ja layi tsakanin likita da wanda ba likita ba, ta kuma ba Majalisar ikon share sunan duk likitan da ta ga ya yi abin da ya zubar da mutuncin sana'a. Daga baya haɗa kai da marar rajista wajen jinya ya shiga cikin irin waɗannan laifuffuka.

Amma jama'a ba su daina zuwa wurin maɗora ba, kuma da dalilinsu. Likitocin lokacin sukan ɗaure gaɓar da ta ji rauni su bar ta wata da watanni ba motsi. Idan an kwance, ƙashi ya haɗu, amma gwiwa ko kafaɗa ta sandare, ga zafi. Sai mutum ya tafi wurin maɗori, shi kuwa ya lalluba da yatsa har ya sami wurin ciwon, ya gasa shi, ya shafa mai, sa'an nan ya juya gaɓar da sauri sau ɗaya. A ji ƙara, mutum ya miƙe yana tafiya. Maɗori ya ce wani ɗan ƙashi ne ya goce, likita bai gani ba. Labari ya bazu a gari, likita ya sha kunya.

4.0 Ƙofa ta Farko: Likita ya Zauna ya Kalla

A Janairun 1867 mujallar ƙungiyar likitocin Birtaniya ta buga wata lacca ta James Paget, babban likitan fiɗa na asibitin St Bartholomew, a kan irin cututtukan da maɗora ke warkarwa. Paget ba masoyin maɗora ba ne, ya kuwa lissafa ɓarnar da suke yi. Amma ya gaya wa ɗalibansa gaskiyar da ba su so ji ba, watau akwai majinyatan da za su kuɓuce musu su warke a hannun waɗannan mutane, don haka gara su koyi abin da ke da kyau a aikinsu su guji marar kyau.

Wanda ya aikata wannan shawara shi ne Wharton Hood. Mahaifinsa, wanda shi ma likita ne, ya yi jinyar wani sanannen maɗori na Landan mai suna Richard Hutton, ya ƙi karɓar ko kwabo. Don nuna godiya Hutton ya yarda ya buɗe sirrinsa, Hood ƙarami kuwa ya zauna tare da shi yana kallo yana taimakawa. A 1871, bayan rasuwar Hutton, ya buga abin da ya gani a mujallar Lancet, sa'an nan ya mai da shi littafi.

Muhimmancin aikin Hood shi ne ya raba abu biyu da mutane suka saba haɗawa: aikin da hannu ke yi, da bayanin da baki ke bayarwa. Ya nuna cewa a mafi yawan lokuta babu wani ƙashi da ya goce. Abin da ya faru shi ne naman da ke kewaye da gaɓa ya manne saboda daɗewa ba motsi, juyawar maɗori kuwa ita ke ɓalle mannewar. Ashe bayanin Hutton kuskure ne, amma aikinsa daidai ne. Da aka gane dalilin, sai kuma aka gane iyakarsa: irin wannan juyawa tana da amfani ga gaɓar da ta sandare bayan rauni, amma bala'i ce ga gaɓar da tarin fuka ya kama ko wadda ke da ƙari. Maɗori ba shi da hanyar rarrabe su, likita kuwa yana da ita.

5.0 Ƙofa ta Biyu: Ɗan Maɗori ya Zama Likita

Ƙofar da ta fi kowace faɗi ta gado ce. A tsibirin Anglesey na ƙasar Wales akwai wani gida da ya shahara da ɗori tun daga kakansu Evan Thomas, wanda ya rasu a 1814. Jikansa, shi ma Evan Thomas, ya koma Liverpool, inda ya yi suna a tsakanin ma'aikatan tashar jiragen ruwa. An sha kai shi gaban shari'a saboda aikinsa, likitocin gari kuwa ba su ƙaunarsa. Da ya ga inda zamani ya dosa, sai ya tura 'ya'yansa maza biyar karatun likita.

Babbansu shi ne Hugh Owen Thomas, wanda aka haifa a 1834. Ya yi karatu a Edinburgh da Landan, ya sami shaidar likitan fiɗa a 1857. Ya fara aiki tare da mahaifinsa, amma zaman bai daɗe ba suka rabu, domin ɗan yana da tambayoyin da uban ba ya son a yi. Ya buɗe nasa wurin, daga baya ya zauna a gida mai lamba 11 a titin Nelson, cikin unguwar talakawa, inda yakan duba marasa hali kyauta ranar Lahadi. A cikin gidan yana da maƙeri da baduku, suna ƙera wa kowane majinyaci ƙarfen ɗori daidai jikinsa.

Abin da Thomas ya gada daga gida shi ne sanin jiki da yatsa da kuma fasahar ɗauri. Abin da ya ƙara daga makaranta shi ne sanin cuta. A zamanin da likitoci ke saurin yanke gaɓar da tarin fuka ya ci, shi ya dage a kan cewa jiki yana gyara kansa idan aka ba shi cikakken hutu mai tsawo wanda ba a katsewa. Haka kuma ya ƙi ɗaurin da ke matse gaɓa ya hana jini gudu. Ƙarfensa na cinya zobe ne da aka naɗe da fata, yana zama a gindin cinya, da sanduna biyu da suka sauka har ƙasan ƙafa. Yana riƙe ƙashi a miƙe ba tare da ya shaƙe naman ba, ana kuma iya ganin rauni a wanke shi. Ya bayyana hanyoyinsa a littafin da ya buga a 1875 a kan cututtukan ƙugu da gwiwa da idon sawu. Manyan likitoci ba su kula shi sosai ba har ya rasu a 1891.

Wanda ya fitar da aikinsa duniya shi ne Robert Jones, ɗan ɗan'uwan matarsa, wanda ya tashi a gidansa. A lokacin da ake haƙa mashigin jiragen ruwa na Manchester, wanda aka buɗe a 1894, Jones ne ya shugabanci jinyar leburori wajen 20,000, ya tsara asibitoci a gefen aikin. A Yaƙin Duniya na Ɗaya aka ɗora shi a kan harkar gyaran ƙashi ta sojan Birtaniya, ya sa aka riƙa ɗaura ƙarfen Thomas tun a bakin daga, kafin a ɗauki soja. Alƙaluman da aka saba kawowa sun ce mutuwar waɗanda harsashi ya karya wa ƙashin cinya ta sauko daga wajen kashi 80 cikin 100 zuwa ƙasa da kashi 20. Ko da wasu gyare-gyaren jinya sun taimaka a wannan sauƙi, babu mai musun rabon ƙarfen a ciki. Ta haka abin da ya fito daga gidan maɗoran Anglesey ya zama kayan aikin kowane asibitin ƙashi, har da namu.

6.0 Ƙofa ta Uku: Masu Tausa da Jarrabawa

Tausa ta bi wata hanya dabam. Tun 1813 Per Henrik Ling ya kafa makarantar motsa jiki a birnin Stockholm na Suwidin, kuma almajiransa sun yaɗa jinya da motsi da murza a Turai. Zuwa ƙarshen ƙarni na 19 tausa ta zama abin yayi a Landan, kowa yana buɗe gida yana ba da takardar shaida. A 1894 mujallar likitoci ta fallasa cewa wasu gidajen tausa mafakar karuwanci ce kawai. Sana'ar ta kusa mutuwa don kunya.

A wannan shekara wasu mata huɗu ma'aikatan jinya da unguwarzoma, Lucy Robinson da Rosalind Paget da Elizabeth Manley da Margaret Palmer, suka kafa ƙungiyar ƙwararrun masu tausa. Suka tsara karatun sassan jiki, suka sa jarrabawa, suka kuma sharɗanta cewa 'yar ƙungiya ba za ta taɓa majinyaci ba sai da umarnin likita. Wannan sharaɗi ya rage musu 'yanci, amma ya saya musu shiga asibiti.

Ilmin kansa ma ya sami masu gyara shi. A Faransa likitan fiɗa Lucas-Championnière ya koyar da cewa shafa mai taushi da motsi tun da wuri suna rage zafi da kumburi, suna kuma hana gaɓa sandarewa bayan karaya. James Mennell ya kawo wannan koyarwa asibitin St Thomas na Landan, yana nanata cewa tausar da ta sa majinyaci ya ɗaure fuska ta riga ta ɓaci, domin tsokar da ke jin zafi ƙanƙancewa take yi, ba saki ba. Yaƙin 1914 ya kawo dubban raunanan sojoji, aka ɗebi masu tausa aikin soja, amfaninsu ya fito fili. A 1920 ƙungiyar ta sami takardar amincewar Sarki, a 1944 kuma ta ɗauki sunan fisiyoterafi, abin da mutanenmu ke kira gashin ƙashi.

7.0 Ƙofar da aka Rufe

Kada a ɗauka komai ya tafi sumul. Herbert Barker maɗori ne da ya koyi sana'a wurin wani ɗan'uwansa, ya ƙware musamman a gyaran gwiwa. Wani likita mai rajista, Frederick Axham, ya ga aikinsa ya gamsu, ya kuma ga irin azabar da majinyata ke sha, sai ya yarda ya riƙa ba su maganin sa barci kafin Barker ya taɓa su. A 1911 Majalisar Likitoci ta share sunan Axham saboda wannan. A 1922 Sarki ya ba Barker lambar girma ta Sir. Axham kuwa ya rasu a 1926 ba a mayar da sunansa cikin rajista ba. Sai a 1936 ƙungiyar likitocin ƙashi ta gayyaci Barker ya nuna hanyoyinsa a asibitin St Thomas, lokacin ya doshi shekara saba'in. Shekarun da ya kamata a yi ana koyo an ɓata su ana jayayya a kan wane ne ke da izini, wanda aka hukunta kuwa shi ne mutumin da ya nemi rage wa majinyaci zafi.

8.0 Abin Lura ga Ƙasar Hausa

Likitancin ƙashi ya iso mana a kammale, da hoton ƙashi da filasta da maganin sa barci. Asibitin Igbobi na Ikko ya samo asali ne daga jinyar sojojin Yaƙin Duniya na Biyu, na Dala a Kano kuwa an buɗe shi a 1959. Saboda ya zo a kammale, ba a ga dalilin zama da maɗori a tambaye shi kome ba. Shi kuma bai gushe ba. Yana kusa, yana da sauƙin biya, yana jin harshen majinyaci, yana haɗa jan ƙashi da daidaita shi da kara da tsumma da shafa mai da tofi, har a wasu garuruwa akwai sarautar Sarkin Ɗori.

Ɓarnar da ake kuka da ita ma sananniya ce, kuma mafi muninta daga ɗauri take. Gaɓar da ta karye tana kumbura a kwanakin farko. Idan an tamke ta da kara, kumburin ba shi da wurin zuwa, sai ya toshe hanyar jini, nama ya mutu, hannu ya shanye ko ya ruɓe. Tun 1881 likitan Jamus Richard von Volkmann ya bayyana shanyewar hannu da matsattsen ɗauri ke jawowa, kuma a hannun likitoci ya gan ta, ba maɗora kaɗai ba. Abin da ke biyo baya a wurinmu shi ne a kai yaro asibiti bayan hannu ya yi baƙi, likita ba shi da zaɓi sai yankewa, gari kuma ya ɗauka asibiti wurin yanke hannu ne. Gobe wani ya karye, sai a guje wa asibitin. Kowane ɓangare yana ganin mafi munin aikin ɗan'uwansa ne kawai.

Akwai shaidar cewa ana iya karya wannan zagaye. Sanarwar Alma-Ata ta 1978 ta ambaci masu maganin gargajiya cikin waɗanda za a horar don kiwon lafiya matakin farko. A kudancin Habasha an gwada ba maɗora fiye da ɗari horon yini guda a kan ɗauri da alamun haɗari. Rahoton da aka buga a 2005 ya nuna yankan gaɓa saboda ruɓewar ɗori ya sauko daga 25 a shekara biyu kafin horon zuwa 7 a shekara biyu bayansa.

9.0 Kammalawa

Mun ga cewa a Ingila doka ba ta kashe ɗori ba, shahara kuma ba ta cece shi ba. Abin da ya rayu shi ne wanda aka kalla aka rubuta, kamar na Hutton, ko aka haɗa shi da sanin cuta, kamar na gidan Thomas, ko aka yi masa manhaja da jarrabawa, kamar na masu tausa. Na Sarah Mapp ya tafi da ita.

Saboda haka akwai aiki a gaban wannan taro, ba na likitoci kaɗai ba. Na farko, masu nazarin harshe da al'ada su zauna da maɗora da ungozomomi su rubuta kalmominsu da matakan aikinsu da Hausa: yadda suke bambanta karaya da tsagewa da targaɗe da gocewa, da abin da yatsansu ke nema. Na biyu, likitoci su auna wannan aiki yadda Hood ya yi, su raba abin da hannu ke yi da bayanin da ake ba shi, kada kuskuren bayani ya sa a zubar da aiki mai kyau, kada kuma nasarar aiki ta sa a gaskata kowane bayani. Na uku, a koya wa kowane maɗori alamun da ke wajabta kwance ɗauri da tura majinyaci asibiti nan take: zafin da ke ƙaruwa maimakon raguwa, yatsu su yi sanyi ko su canza launi ko su daina ji, ƙashi ya huda fata, ko rauni a ƙashin baya. Na huɗu, maɗorin da ya kawo majinyaci asibiti a karɓe shi da mutunci, domin wanda aka ci wa fuska sau ɗaya ba zai sake kawo wani ba.

Daga ƙarshe, gidajen ɗori na gado suna nan a biranenmu da ƙauyukanmu, kuma 'ya'yansu suna makaranta. Evan Thomas na Liverpool ya tura nasa biyar karatun likita, ɗaya daga cikinsu ya canza yadda duniya ke ɗaure ƙashin cinya. Ya dace jami'o'inmu da sarakunanmu su nemi irin waɗannan yara tun dattawan gidajen suna raye.